Jan Farce a Kan Noti

Ranar Talata da safe ruwan teku ya janye, ya bar jiragen tsibirin Balangkassi kwance a kan laka. Kwana uku ke nan da Jumaing ya fita da tsohon jirgin da ya saya a hannun Aji Pabe, bai dawo ba. Matarsa Rannu ta kasa zaman ɗaki. Tun da gari ya waye take bin gaɓa tana duba duk abin da ruwa ya watso, ko guntun katako ne sai ta juya shi. A ƙarƙashin rumfar gyaran jirage ta Aji Pabe ta hangi wani abu ja a cikin laka. Ta ɗauka ta goge da bakin zaninta. Noti ne, da ɗigon jan farce a gefensa.

Ba ta yi kuka ba. Ta nufi gadar katako inda maza suka taru, ta ratsa su har gaban mahaifinta.

"Tetta, duba."

Daeng Nassa ya karɓa, ya juya shi a tafin hannunsa. Daeng laƙabin girmamawa ne a tsibiran nan. Shekara talatin ya yi a ɗakin injin manyan jiragen kaya kafin ya dawo gida. In an saci inji ko jirgi a tsibiran nan, shi ake kira ya bi sawu. In za a sayi tsohon jirgi, shi ake kira ya gwada. Kowa ya san al'adarsa: idan ya gama gwaji ya gamsu, sai ya ɗiga jan farcen 'yarsa a kan notunan da ke riƙe da kan injin, don duk wanda ya kwance su daga baya a gane. Ranar Laraba ya ɗiga wannan, da hannunsa, saboda mijin 'yarsa.

"An buɗe injin bayan na gwada shi," in ji shi.

Nan take gadar ta hargitse.

"Sattu ne! Dillali ai ba ya barin ciniki ya tafi da tsarkinsa."

"A'a, a tambayi Aji. A rumfar wa aka tsinci abin?"

"Ko kuwa tsufa ne ya kama wani, ya ce lafiya lau alhali ba lafiya," wani ya faɗa daga baya, bai nuna fuskarsa ba.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce da Nassa, "Daeng, ka san halin da muke ciki. Jiya da shekaranjiya mun bincike arewa, har rumfunan kamun kifi da ya ce can za shi. Mutanen da ke kansu sun ce ba su gan shi ba. Man da ya rage a tsibirin nan na fita ɗaya ne, jirage biyu. Jirgin mai ba zai zo ba sai Juma'a. Da azahar ruwa zai dawo ya ɗaga jirage, kuma za mu ƙara nausawa arewa, gaba da rumfunan. In kana da wata magana, ka kawo ta kafin lokacin."

Nassa ya dubi 'yarsa. "Ruwan sha nawa ya ɗauka?"

"Jarka ɗaya. Ƙaramar."

Ya sa notin a aljihu, ya sauka cikin laka.

*

Abin da ya fara dubawa shi ne ko injin gaba ɗaya aka sauya. Irin wannan injin gas mai silinda ɗaya sai mutum huɗu da sanda suke ɗaga shi, kuma mutum huɗu ba sa wucewa a kan tsohon katako ba su bar alama ba. Ya bi daɓen rumfar a durƙushe. Babu karce, babu inda katako ya lotsa. A kusurwa, bayan tulin raga, ya ga da'ira biyu na baƙin mai, kowace kamar gindin kwano. Ya shafa ta farko, man yana da santsi. Ya shafa ta biyu, ya ji tsakuwar ƙarfe a yatsansa.

Ya zauna a kan dugadugansa. Nan aka ajiye rigar silinda guda biyu, wato bututun ƙarfen da fistan ke kai-komo a ciki, sabuwa da tsohuwa. An cire mai kyau, an mayar da matacciya, da fistan ɗinta da zobbanta.

Injin gas ba shi da tartsatsin wuta. Iska yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafi, zafin ne ke kunna man. Idan zobban fistan suka cinye, iskar sai ta riƙa zurarewa ta gefe, zafin ba ya kaiwa. Wannan matsin shi Nassa yake kira numfashin inji, kuma shi ya fi nema a kowane gwaji. Ranar Laraba ya zo da sassafe ba sanarwa, ya fara ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen ya tabbatar da sanyi yake. Ya ɗaura agogon awo, allura ta hau inda ake so. Bai tsaya nan ba, ya cire agogon, ya sa hannun juyawa, ya bar ɗan marikin da ke sakin iska a rufe, ya rataya nauyinsa duka a kai. Injin ya riƙe shi, har ya turo shi baya. Ya ce wa Jumaing, "Saya. Wannan zai kai ka ya dawo da kai."

Maganar nan ita ke ci masa rai yanzu. Amma akwai abin da ya kasa ganewa. Ranar Asabar, a gaban kowa, injin ya tashi a juyi biyu. Injin da numfashinsa ya ƙare ba ya yin haka da sanyin safiya.

*

Sattu dillali yana bayan gidansa yana daka barkono. Da ya ga Nassa sai ya saki taɓaryar.

"Daeng, wallahi ni ban san ma ta inda ake riƙe sifana ba. Baki nake da shi, da shi nake ci."

"Na sani. Amma an ce ranar Juma'a, muna masallaci, an gan ka ka fito ta bayan rumfar Aji da buhu a kafaɗa."

"Wane maƙaryacin ne?"

"Mata uku."

Sattu ya waiga wajen tagar ɗaki, ya rage murya. "Ka rufa mini asiri, don girman Allah. Zo ka gani."

Ya kai shi bayan tulin ɓawon kwakwa, ya ɗaga wani kwando. Zakara ne ja, ido ɗaya a kumbure, ƙirji duk a fige.

"Na kai shi faɗa tsibirin gaba. Ka ga abin da suka yi masa. In matata ta ji, ni da shi tukunya ɗaya za mu shiga."

Da a wani lokaci ne, da Nassa ya yi dariya. Ya dubi hannuwan Sattu, farare, babu baƙin mai ko a ƙarƙashin farce ɗaya. Irin man da ya shafa a rumfa yakan yi mako bai fita ba.

"Da ka wuce rumfar, a buɗe take?"

"A rufe. Na dai ji ana buga ƙarfe a ciki. Na ce masu gyara ne, ni kuma ba na son a gan ni, sai na ƙara sauri."

"Wa ke gyara ana huɗuba?"

Sattu ya mayar da kwandon a kan zakaran. "Ban yi wannan tunanin ba."

Nassa ya dubi teku. Bakin ruwa ya fara matsowa, ya taɓa ƙafar gadar ta ƙarshe.

*

Aji Pabe yana zaune a barandarsa da carbi. Yana da shekara saba'in da wani abu, idanunsa sun yi fari, abin da ya sa ya sayar da jirgin ke nan. Kusa da shi mijin 'yarsa ne, Tompo, wanda ke riƙe da rumfar gyara. Fuskar Tompo ta ƙone da rana, domin kwana biyun nan shi ne kan gaba a masu nema, shi ke fara fita, shi ke dawowa ƙarshe.

"Nassa, kai ne?" in ji tsohon. "Na ji abin da ake faɗa. Shekara ashirin da biyu ina ci da jirgin nan. Zan sayar wa yaron da aka haifa a gabana abin da zai kashe shi?"

"Ban zo da zargi ba, Aji. Wa ke da makullin rumfar?"

"Makulli? Igiya ce ake ɗaurewa. Ko akuya ta so shiga ta shiga."

Tompo ya ce, "Daeng, ni ban gane wannan binciken ba. Noti ya faɗi a laka, shi ke nan? Kai kanka kana tsaye ranar Asabar. Aji ya riƙe mariki, ni na juya, sau biyu ya kama. Ka ji shi da kunnenka."

"Na ji."

"To? Lokaci muke ɓatawa. Mutum yana can yana jiran mu."

Gaskiya ne, yana tsaye a wurin. Al'adar tsibirin ce: ba a miƙa jirgi da inji a mace. Mai sayarwa ne ke tayar da shi, a miƙa yana aiki, mai saye ya kama hanya nan take, don arzikin jirgin ya bi shi da ransa. Ana lulluɓe injin da farin ƙyalle, a ɗora ayaba da shinkafa mai danƙo, kuma dangin mai saye ba sa taɓa shi sai an miƙa. Nassa ya tsaya taku uku daga injin, hannuwansa a baya, kamar yadda ya kamata suruki ya tsaya. Bai ga notunan ba. Bai taɓa ƙarfen ba.

"Naka jirgin fa, Tompo? Na ga ya koma ruwa."

"Na lallaɓa shi ne saboda neman nan."

"Allah ya saka," in ji Nassa, ya sauko daga barandar.

*

Ƙafafunsa suka kai shi shagon gahawa na Daeng Bollo, a gindin gada. Bai ci komai ba tun jiya. Bollo bazawara ce mai jiki, mai yawan magana, kuma ita ce ke fara hura wuta a tsibirin.

"Zauna, Daeng, kafin ka faɗi mu shiga neman mutum biyu. Sha wannan."

Ya karɓa bai sha ba. Idonsa yana kan ruwa, wanda yanzu ya kai rabin hanyar jirage.

"Ranar Asabar, kafin mutane su taru, wa kika gani a wajen rumfar Aji?"

"Wa zan gani? Ranar nan ai ko kaina ban gani ba. Mutum arba'in za su sha gahawa, ga shi an kwashe mini ruwan zafi tun ban zuba sukari ba. Sai da na sake ɗora wani, masu shan farko suna ta zagina."

"Wa ya kwashe?"

"Tompo mana. Ana sallame sallar asuba ya zo, buta biyu manya, yana tafasa. Wai za a fige kajin walima. Na ce masa kajin nan da gashin ƙarfe aka halicce su? Ko dariya bai yi ba. Butar tawa ma da ya dawo da ita hannunta duk baƙin mai, sai da na sa toka."

Nassa ya ajiye kofin a hankali.

A saman irin wannan injin akwai tukunyar ruwan da ke sanyaya shi. Injin da numfashinsa ya ƙare, in ka cika tukunyar nan da tafasasshen ruwa, ƙarfen ya ɗauki zafi, zai tashi kamar sabo. Zai kuma yi ta aiki muddin ba a kashe shi ba. In aka kashe ya huce, ko mutum goma ne ba za su tayar da shi ba.

Rannu tana zaune a kan gada, ta zuba wa teku ido. Ya kira ta.

"Kajin walima, ina aka fige su?"

"A gidanmu, Tetta. Tun ranar Juma'a da la'asar, ni da surukata. Me ya faru?"

"Je ki ce wa mai unguwa ya tara mutane a bakin jirgin Tompo. Yanzu. Ki taho da surukarki."

*

Ruwa ya kai idon sawu lokacin da suka taru. Mai unguwa, liman, Sattu yana raɓe-raɓe, Aji Pabe riƙe da kafaɗar 'yarsa, Bollo da ludayi a hannu, da Daeng Kebo mahaifiyar Jumaing, wata 'yar tsohuwa da ba ta ce uffan ba tun ranar Lahadi. Jirage biyun da za su fita an riga an ɗora musu jarkokin mai. Ɗaya na Tompo ne.

Nassa ya hau jirgin Tompo, ya ɗora tafin hannu a jikin injin.

"Da sanyi yake. Kowa ya shaida. Watan jiya, wa ya taya Tompo juya wannan injin?"

Mutum uku suka ɗaga hannu. Ɗaya ya ce, "Kamar kana dama kunu. Har muka gaji bai ce komai ba."

Nassa ya sa hannun juyawa, ya rataya nauyinsa a kai. Ƙarfen ya tafi kaɗan, ya tsaya cak, ya turo shi baya har sai da ya dafa gefen jirgi.

"Na san wannan numfashin," in ji shi. "Ranar Laraba na ji shi, a cikin jirgin Aji."

"Na sayo kaya a birnin Makassar," in ji Tompo.

"Yaushe? Wata biyu ba ka bar tsibirin nan ba. Tompo, buta biyu na ruwan zafi ka karɓa wajen Bollo ranar Asabar. Kajin an fige su tun Juma'a. Me ka fige?"

Ruwa yana ta lasar gindin jirage.

Nassa ya sauko, ya tsaya dab da shi. Bai ɗaga murya ba. "Ɗana, ba hukunci nake nema ba, wannan na mai unguwa ne. Mai na fita ɗaya gare mu. Ka gaya mini abin da ke cikin jirgin da yaron nan yake ciki."

Tompo ya zauna a cikin ruwa.

"Nawa ne," in ji shi. "Tsohon nawa. Rigar silinda, fistan, zobba, duka. Sababbin ni na saya bara, ni na ɗaura a jirgin Aji, don na ɗauka jirgin zai zama nawa. Sai kawai na ji a bakin Sattu an sayar."

"Tompo!" in ji Aji Pabe. "Da ka tambaye ni ai da na ba ka!"

Wasu samari suka yunƙuro, mai unguwa ya tare su da hannu.

"Wallahi ban yi nufin ransa ba," in ji Tompo yana kuka. "In yana aiki ba zai mutu ba, na san injina. Na ce zai kai shi rumfunan kifi, can zai kashe, da safe ya ƙi tashi, mutane su jawo shi gida a yi dariya. Da aka ce bai isa can ba, na rasa inda zan sa kaina. Kwana biyu ina dubawa. Ban gane ba, Daeng. Me zai hana shi isa?"

"Abu ɗaya," in ji Nassa. "Ya kashe injin a hanya, da hannunsa. Me ke sa mutum ya kashe inji a fitarsa ta farko?"

Kowa ya san amsar. A Bakin Zurfi, inda duwatsun murjani suka ƙare teku ya yi baƙi, mutanen da sukan kashe inji a fitar farko, su saki ƙwai da ganyen tauna a ruwa, su jira shiru har ganyen ya ɓace wa ido.

Liman ya girgiza kai. "Ba Jumaing ba. A gabana ya ce ba zai yi ba, ya ce addu'a ta ishe shi. Har na yaba masa."

"Shi ya sa ba wanda ya duba can," in ji mai unguwa.

Nassa bai dubi liman ba. Tun da ya ambaci kashe inji ya ga Daeng Kebo ta ja mayafinta ta toshe baki. Ya je ya durƙusa a gabanta cikin ruwa.

"Kebo, tare muka yi wasan ƙasa ni da ke. Ba wanda zai ce miki komai, liman ma ba zai ce ba. Kin ba shi ƙwai?"

Tsohuwar ta sauke mayafin daga bakinta. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ubansa bai yi ba, teku ya riƙe shi. Na sa masa a jaka. Na kama ƙafarsa na ce ya yi don ni, ba wanda zai sani. Ya ce to, Inna. Na ji kunya in faɗa, kada a ce ɗana ya yi wa malam ƙarya. Ban san yana da amfani ba, Nassa. Ban sani ba."

Liman ya sunkuyar da kai. "Allah ya gafarta mana baki ɗaya."

Nassa ya miƙe. A Bakin Zurfi anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ba ta kai ƙasa. Jiran ganye kuwa, da iskar safiya tana kaɗawa, ya isa ƙarfe ya huce.

"Daga can ruwa kudu yake ja, ba arewa ba," in ji shi. "Duk abin da ya ɓace a wurin, bayan tudun yashi yake taruwa, inda muke tsintar gungumen itace. Awa huɗu ne."

"In kuma ba ya can?" in ji mai unguwa. "Man ya ƙare ke nan."

"Na sani."

Mai unguwa ya dubi Rannu. Ta ce, "Kudu."

Jirgin Tompo ya motsa, ruwa ya ɗaga shi. Nassa ya kama Tompo a kafaɗa ya tashe shi.

"Naka ya fi gudu yanzu. Kai za ka tuƙa."

*

Suka kama hanyar kudu. Nassa yana tsaye a goshin jirgi, hannu ɗaya a igiya. Da suka wuce Bakin Zurfi ya daina kallon nesa, ya koma kallon abin da ke yawo a kan ruwa: ɓawon kwakwa, ciyawar teku, robobi, duk a layi ɗaya kamar an shara su. Layin ya bi, yana nuna wa Tompo da hannu, dama, hagu, miƙe. Sau biyu suka hangi baƙin abu suka nufe shi, gungume ne. Ɗaya jirgin ya matso, mai tuƙinsa ya ɗaga jarka ya girgiza ta don su ji abin da ya rage. Nassa ya kau da kai.

Rana ta yi ja ta kusa taɓa ruwa lokacin da ya ga wani haske ya ƙyafta, ya ɓace, ya sake ƙyaftawa. Murfin tukunya ne aka ɗaure a kan gora, yana juyawa da iska.

Jumaing yana kwance a ƙasan jirgi, kansa a inuwar injin. Leɓunansa sun tsattsage, idanu sun faɗa. Tafukan hannunsa biyu babu fata, ya naɗe su da yagaggiyar rigarsa, jini ya bushe a kai. Hannun juyawa yana nan a jikin injin, shi ma duk jini. Nassa ya tsallaka, ya sa kunne a ƙirjinsa. Ya daɗe a haka.

"Ruwa," in ji shi. "Kaɗan-kaɗan. A jiƙa ƙyalle."

Tompo ne ya miƙo. Nassa ya matsa a bakin surukinsa, ɗigo bayan ɗigo. Maƙogwaron ya motsa. Can idanun suka buɗe, suka yi ta yawo kafin su tsaya a fuskarsa.

"Tetta."

"Na'am. Kada ka yi magana."

"Ka yafe mini. Ka ce lafiyarsa lau. Ni na ɓata shi." Ya haɗiyi abin da babu. "Na ce wa malam ba zan yi ba, na zo na yi. Ina sakin ƙwan, shi ke nan. Na juya, na juya. Na san hukunci ne. Kwana nawa ina ta tuba."

"Ba hukunci ba ne, ɗana. Kuma ba kai ka ɓata shi ba."

"To wa?"

Nassa ya ajiye ƙyallen. Ya ɗaga kai ya dubi mutumin da ke durƙushe a gefe riƙe da jarkar ruwa, ya jira. Sauran mazan ma suka jira. Tompo ya ajiye jarkar, ya matso har inda Jumaing zai iya ganin fuskarsa.

"Ni ne," in ji shi.